Ragon Gwaggo da Kifin Tankina

A shekarar da aka koro mu daga Legas na dawo Nima, unguwarmu a Accra, da jaka ɗaya, da rigar jikina, da baki. Shekara huɗu na yi a Agege ina ɗaukar siminti, amma in ka ji ni a benci a ƙofar masallaci sai ka rantse ni na gina gadojin garin. Wadda ta karɓe ni ƙanwar mahaifina ce, muna kiranta Gwaggo. Ɗaki ɗaya gare ta a wani gidan haya mai mutane da yawa, kusa da babbar kwatar da ta raba Nima da Mamobi. Ta shimfiɗa mini tabarma a baranda. Ba ta tambaye ni me na kawo ba, don ta ga jakar.

Gwaggo tana da rago. Tun yana ɗan ƙarami ta same shi a hannun masu kawo dabbobi daga arewa, ta ɗaure shi a bayan gida. Fiye da shekara talatin tana zaune a Accra, kuma kowace Babbar Sallah ita ake aiko wa da nama a kwano, ta yi godiya, ta wanke kwanon ta mayar. Ta ce kafin ta mutu tana so, ko sau ɗaya ne, kwano ya fita daga ƙofarta zuwa ƙofar wasu. Duk gidan an san wannan rago na layya ne. Har sababbin kwanoni ta saya ta jera a ƙarƙashin gado.

Shekarar kuwa ta yunwa ce. Ruwa bai sauka yadda ya kamata ba, gonaki sun ƙone, mutane suna layi a wurin mai dokunu, tuwon masarar nan da ake dafawa a ganye, tun bai gama dahuwa ba. Ciyawa babu. Abin da ya riƙe ragon nan shi ne dusar koko. Akwai wata mai koko 'yar ƙabilar Kotokoli, gida huɗu daga namu, ƙawar Gwaggo ce ta shekara ashirin. Kullum da la'asar Gwaggo takan je ta taya ta tace niƙaƙƙen gero, abin da ya rage a rariya kuma na Gwaggo ne. Haka ake yi a unguwarmu: matar da ta sa hannu a tata ita take tafiya da dusar, ba a sayar wa wani, ba a ma tambaya. Da na dawo, gwiwoyin Gwaggo sun fara ciwo, sai ɗaukar bokitin ya zama aikina. Ita takan tsaya hira, ni in wuce da shi ta lungun baya in zuba wa rago.

A lokacin ne rediyo ya cika mana kunne da maganar kiwon kifi. Kowa ya haƙa tafki, kowa ya yi arziki. A bayan gidanmu, taku biyar daga turken rago, akwai wani tsohon tankin siminti da mai gida ya gina don ajiyar ruwa, ya tsage aka watsar da shi. Ni ga ni masanin siminti. Na roƙi mai gida, na liƙe tsagar, na yi kwana uku ina jido ruwa daga famfo har mata suka fara zagina a layi. Sannan na hau torotoro, motar hayarmu, zuwa wani wurin kiwon kifi can bayan unguwar Madina, inda wani malamin gona ya zuba mini 'ya'yan karfasa a bokiti.

Mutumin kirki ne, Ba'ashante, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya yi ta yi mini bayani ina gyaɗa kai, hankalina yana kan yadda zan shigo unguwa da bokitin a gani. Abin da na riƙe kawai shi ne a ba su garin kifi haɗe da dusa, safe da yamma. Garin kifin nan ƙananan busassun kifi ne da ake kawowa daga bakin teku, a kai inji a niƙe. A hanyar dawowa ruwan bokitin ya fantsama a zanen wata mata, ta zage ni da yaren Ga tun daga Madina har Kanda. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma duk motar ta ji, don dariya suke ta yi.

Wata guda abin ya tafi daidai. Kifin suna haurowa sama in na watsa gari, ruwa ya yi ta tafasa, ni kuwa in kira mutane su zo su gani. Daga nan ƙananan kifin nan suka ɓace daga kasuwa. Wanda ya rage mutane suke sayen sa su jefa a miya. Ranar da na je wurin matar da nake saya na ce na kifina ne, sai ta rufe kwandon ta dube ni.

"Kifi za ka ba kifi?"

Na ce haka malamin gona ya ce.

"To ka je malamin gona ya sayar maka. 'Ya'yan mutane ba su samu ba, kai za ka zuba a ruwa."

Na koma wurin malamin. Ya ce ba ni kaɗai ba ne, kowa kuka yake yi, su ma suna ta gwada abin da za a sa a madadinsa. Ya ce karfasa ba ta da tsada wurin ci, tana cin abin gona, amma sai an haɗa mata da abin da ke sa tsoka: tunkuzar gyaɗa, ko wake, ko ganyen da aka busar aka daka. Ya ambaci ganyen rogo da ɓawonsa, ya ɗaga mini yatsa.

"Amma Malam, ka ji ni da kyau. Rogon yin gari, mai ɗaci, yana da guba. Ka jiƙa shi kwana uku, ka zubar da ruwa, ka shanya shi ya bushe ƙarau. In ba ka yi ba, kifi ya mutu, kaza ya mutu, kai ma ka mutu."

Na ce na ji. Ya tambaye ni ko na ware maza daga mata kamar yadda ya gaya mini tun farko. Na ce na ware. Ban ma san ta ina ake duba kifi a gane namiji ne ba.

Daga nan wahala ta fara. Tunkuza ba a samu, sai na sayi ƙuli-ƙuli na daka. Mai ya taso ya rufe saman ruwa, kifin suka yi ta buɗe baki a sama kamar masu roƙo, na kwana biyu ina sauya ruwa. Gaskiya kuma rabin ƙuli-ƙulin ni na cinye shi a hanya. Na samo ɓawon wake a wurin mai ƙosai, ya yi ta yawo a saman ruwa har ya ruɓe, suna kewaye shi. Wani ya ba ni tunkuzar ƙwarar manja, ta nutse ƙasa kamar yashi, ko kallonta ba su yi ba. Na yanka ganyen gwaza na zuba, suka ɗan tsattsaga suka bari. Ina tsaye a bakin tanki ina yi musu faɗa da ƙarfi, ina cewa mutane ma abin da suka samu suke ci, ku su wane ne.

Dattawan benci kuwa kowa ya zama malamin kifi. Wani Bazabarme ya ce a kogin garinsu babu mai ba kifi abinci kuma ya fi cinyata kauri, saboda haka in bar su da Allah. Wani ya ce kashin kaji. Mai gida ya ji, ya ce ranar da kashin kaji ya shiga tankinsa ranar zan bar gidansa. Mahaucin gidanmu, wanda ɗakinsa ke kallon namu, in ya gan ni sai ya ce, "Alhajin Legas, yaushe za a fara lodin jirgi?" Wannan kalma ta fi komai ƙona mini rai, don ni da bakina na ce har Togo zan riƙa kai kifi.

Wata la'asar, bayan na zuba wa rago dusarsa, na ɗauraye bokitin na watsa ruwan a tanki don kada in yi asararsa. Ruwa ya tafasa. Kifin da suka ƙi ƙuli-ƙuli, suka ƙi wake, suka taso kan 'yar dusar koko kamar ba su taɓa ganin abinci ba. Gero ne da citta da barkono, ya ɗan yi tsami, ban san me suka gani a ciki ba. Na tsaya ina kallo, sannan na juya na kalli rago, kansa yana cikin kwanonsa.

Washegari na ɗebi tafi ɗaya. Na ce wa kaina tafi ɗaya ba zai hana rago ƙiba ba. Bayan mako ya zama gwangwani, kafin azumi ya ƙare ya zama rabin bokiti. Don kada a ga ya ragu, sai in cika da ruwa in dama da sanda. Ragon yakan sa baki ya zuƙe ruwan, ya lashe gindin kwano, ya ɗago ya dube ni yana kuka. Ni kuma in ce masa, "Yi mini shiru, kai kaɗai ne mai ciki?"

Gwaggo ba makauniya ba ce. Wata rana ta dafa bango ta zo bayan gida, ta shafa bayan ragon, yatsunta suna ƙirga haƙarƙari. Ta leƙa kwanon.

"Kai ɗan nan, wannan dusa ce ko ruwan wanki?"

Na ce, "Gwaggo, gero ne ya yi wuya. Kin san yanzu sau biyu ake tacewa."

"Ni nake tacewa, ni za ka gaya wa? Da kauri nake barinta."

Na ce to wataƙila in ta juya baya wurin hira ake ƙara ruwa, ni dai abin da aka miƙo mini nake kawowa. Ta juya ta koma ɗaki. Na ga maganar ta shiga, na kuma bar ta ta zauna.

Duk da dusar, kifin ba su wani girma ba. Yawa dai suke yi. Kullum in na leƙa sai in ga wasu ƙanana kamar ƙwayar shinkafa suna yawo a gefe. Bakunan da nake ciyarwa suna ƙaruwa, jikin kowa yana nan yadda yake. Sai na tuna da maganar rogo. Akwai masu yin garin rogo a wajen Mamobi, na je na kwaso ɓawo da ganye cike da buhu, ba wanda ya hana ni, abin da ya kamata ya sa in yi tunani a shekarar da ko ɓawon ayaba ba a zubarwa. Na daka su tare, na zuba a babbar roba, na tsiyaya ruwa. Na san sai kwana uku. Na san kowace tsohuwa a unguwarmu tana shanya ɓawon rogo a rana kafin ta ba akuya. Ban jahilci komai ba. Abin da na yi shi ne na ajiye robar a inuwar tanki, inda Gwaggo ba za ta gani ta yi mini tambaya ba, ban rufe ba, na tafi benci don an ce wani ya dawo daga Legas da sabon labari.

Saura kwana tara Sallah.

Ihun matan gida ne ya dawo da ni. Ragon ya tauna igiyarsa har ta tsinke, ya cinye fiye da rabin abin da ke cikin robar, ya sha ruwan. Na same shi a kwance, ciki ya kumbura, ƙafafu suna rawa, kumfa a baki. Wata ta kawo manja ana ɗura masa, wata ta ce gawayi, wata ta ce kanwa. Gwaggo tana durƙushe a kan gwiwoyin nan nata masu ciwo, ta riƙe kansa. Mahauci ya shigo, ya ɗaga fatar idon ragon, ya ce wa matarsa ta miƙo wuƙa.

Gwaggo ta ce, "A'a. A bari. Zai tashi."

"Gwaggo, in na ƙara minti biyar mushe za ki ja zuwa kwata."

Ta sake shi. Ya yi bisimilla ya yanka. Da ya feɗe, ya zubar da kayan cikin duka, ya ɗaga cinya ɗaya ya nuna wa mutane. Ya ce shekara ashirin yana fiɗa bai taɓa ganin ragon layya da babu kitse ko na shafa wa tukunya ba.

Bayan magariba Gwaggo ta sa na raka ta wurin limamin masallacinmu. Ta gaishe shi, ta ce tun yana ƙarami ta yi niyya da shi, kuma kwana tara ne kawai suka rage. Liman ya ce Allah ya ga niyyarta, zai kuma ba ta ladan niyya. Ta ce ba wannan ta tambaya ba, layya ta yi ko ba ta yi ba? Ya ce ko da safiyar Sallah aka yanka, in ba a sauko daga idi ba, nama ne kawai. Ta ce ta gode. Muka koma gida. Naman kuwa rabin gidan sun ƙi karɓa don tsoron guba, sauran aka soya aka ci a tsaitsaye, kafin kwana uku babu ko ƙashi.

Kan rogo ta yi mini faɗa, faɗa sosai, a tsakar gida, ta kira ni sakarai, ta ce Legas ma da ta kore ni ta san abin da ta gani. Na sunkuyar da kai na karɓa, har da ɗan jin sauƙi, don laifin ganganci ne, kowa yana iya yi. Amma Gwaggo ba ta tsaya nan ba. Ta ce rago mai ƙoshi ba ya tauna igiya. Washegari da la'asar ta yafa mayafi ta ce in biyo ta.

Mai koko tana zaune da rariya a hannu, ta matsa mata kujera kamar kullum. Gwaggo ba ta zauna ba.

"Wa kike sayar wa dusata?"

"Wace dusa, Yaya?"

"Wadda nake tacewa da hannuna. In na juya baya ki kwashe mai kaurin, ki aiko mini da ruwa. Shekara ashirin. Da kin ce yunwa ta matsa ki, da na bar miki."

Matar ta ajiye rariya. Ta rantse da Allah, ta rantse da kabarin uwarta, ta ce ko cokali ba ta taɓa ragewa ba, har ƙari take yi daga tata tukunyar saboda ta san na layya ne. Maƙwabta suka fara leƙowa. Sai ta juyo gare ni, fuskarta har da 'yar murna, don ga shaida ta samu.

"Ɗana, kai kake ɗauka. Gaya mata yadda nake cika bokitin nan, har sai ka sa hannu biyu."

Dukansu biyu suna kallona. Na san abin da ya kamata in faɗa, kalmomin suna nan a bakina, ba su da yawa. Na tuna barandar da nake kwana, na tuna benci, na tuna mahauci da abin da zai riƙa kirana har in mutu. Na ce, "Ni dai abin da aka ba ni nake kaiwa."

Mai koko ta daɗe tana dubana. Ba ta ƙara rantsuwa ba. Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tata. Gwaggo ta juya muka tafi, ba ta sake taka ƙofar gidan ba.

Ranar jajibere Gwaggo ta ce in zubar da ruwan tankin, ta gaji da warinsa, ta kuma gaji da ganina a bakinsa. Na buɗe toshiyar, ruwa ya bi lungu zuwa kwata. Abin da ya rage a ƙasa ya cika roba biyu: kifi ɗaruruwa, babban cikinsu bai wuce yatsu uku ba. Wata shida, da jidon ruwa, da zagin mata a famfo, da ragon mutane, ga abin da na noma. Mahauci ya leƙo, ya ɗaga ɗaya ta wutsiya, ya ce, "Alhaji, wannan jirgin ruwa za a kira ko na sama?"

Na ɗauka Gwaggo za ta ce in zubar. Sai ta ce in kankare su duka in cire ciki. Na wuni ina yi, ƙaya tana sokina. Ranar Sallah, bayan an sauko daga idi, gida ya cika da ƙaurin nama, ita kuma ta hura gawayi ta soya kifin nan da ɗan manjan da ya rage mata, ta barbaɗa yaji. Ta jawo sababbin kwanonin daga ƙarƙashin gado, ta zuba, ta rufe kowanne. Ta ce in ɗauka in kai gida gida, duk inda aka taɓa aiko mata, in ce daga ita ne.

Na ce, "Gwaggo, kifi? Ranar layya? Dariya za a yi mana."

"Kai za a yi wa. Ɗauki."

An kuwa yi. Matar mai gida ta buɗe ta rufe da sauri, ta ce Allah ya amfana, tana cizon leɓe. A gidan Bazabarmen nan aka kira duk 'yan gida su zo su ga ragon Legas. Wani tsoho ya tambaye ni ko nawa ake haɗawa su zama ƙaho ɗaya. Liman ne kaɗai ya ci ɗaya a gabana, ya ce da daɗi, ya ce in gaishe ta. Na yi ta kai da kawowa cikin sabuwar rigar aro, mai yana ɗiga a hannuna.

Da ya rage kwano ɗaya, na tsaya a ƙofar ɗaki na ce, "Saura gidan mai koko." Ban san abin da nake fata ba. Wataƙila in ta ce in kai, a hanya in samu ƙarfin da ban samu ba.

Gwaggo ta ce, "Ban da can. Kai wa mai ƙosai."

Hanyar gidan mai ƙosai ta gaban ƙofar mai koko take bi. Tana zaune a waje ita kaɗai, tana tace geron da za ta dama washegari, bokitin dusa a gefenta ya cika har baki, babu mai ɗauka. Ta ga kwanon a hannuna, ta ga na rage tafiya.

Ta ce, "Barka da Sallah, ɗana."

Na ce, "Barka kadai, Inna." Na wuce.

Gwaggo ta yi shekara shida bayan wannan. Ba ta sake kiwon rago ba, don babu inda za ta samu dusa, ni kuma kowace shekara ina cewa baɗi zan saya mata. In sun haɗu da mai koko a wurin suna ko jana'iza sukan gaisa a taƙaice, kowa ta nemi wata tabarma. A cikin shekarun nan shida babu ranar da ba mu ci abinci a baranda ɗaya da Gwaggo ba, ban gaya mata ba. Mai koko ta zo wankan gawarta, ta zauna har aka share makoki, ta riƙa aiko da koko kowace safiya ga masu zaman gaisuwa. Ni nake karɓar tukunyar a ƙofa. Ita ma ban gaya mata ba, ko da yake ita ba ta buƙatar a gaya mata.